Shagunan Gas a Kudancin Kaduna: Sakacin Yaron Shago ko Raunin Tsari?

Tsadar kananzir da wahalar hayaƙin itace sun sa gidaje da yawa sun koma girki da gas. Shi ya sa shagunan ɗura gas suka yawaita daga Sabon Tasha har Kafanchan, da yawansu a tsakiyar jama'a, jikin shagon aski ko daura da mai suyar ƙosai. Ranar 4 ga Janairun 2020 gas ya fashe a irin wannan shago a Sabon Tasha, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya. In irin haka ta faru, sai ka ji an ce sakacin yaron shago ne. Wannan hukunci ya yi gajarta, domin ɗan Adam ajizi ne, yana gajiya, yana mantuwa, layin masu saye yana sa shi gaggawa. Wurin da kuskure ɗaya zai iya ƙone unguwa, tun daga gininsa aka yi kuskuren.

Manyan masana'antu sun koyi haka da tsada. A tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka, a 1979, wata fitila ta sa ma'aikata suka ɗauka bawul ya rufe, alhali yana buɗe. Gyaran da ya biyo baya ya haɗa da fasalin ɗakin sarrafa na'urori. Haka gas ɗin girki ma yake buƙatar fasalin da ya dace: ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa, saboda haka shago yana buƙatar mashigar iska ta ƙasa, da nisa daga janareta da murhu, da sikelin da ke tsayar da ɗuri da kansa, tunda tukunyar da aka cika maƙil ba ta da sararin da gas zai buɗa in rana ta yi zafi.

Wasu za su ce ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da jarin wannan, horo ya wadatar. Horo wajibi ne, amma ba ya hana gajiya, kuma nisantar da shago daga wuta bai kai tsadar gobara ba. In an matsa wa masu shago su rufe kawai, sana'ar za ta koma lunguna, inda haɗarin ya fi yawa. Abin da ya dace shi ne hukumar NMDPRA mai sa ido kan harkar gas da ƙananan hukumomi irin su Jema'a da Chikun su ware filaye nesa da cunkoso, su kuma duba fasalin kowane shago kafin a ba shi lasisi.