Dabarar Turke A Wasan Dara

Duk wanda ya ratsa Bebeji ko Ƙiru ko Tudun Wada ko Doguwa da rani, bayan an kai amfanin gona gida, ba zai rasa ganin magidanta a gindin bishiya suna dara ba. Gurbi 30 ake haƙawa, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku kuwa ya ci ɗan abokin karawarsa. Gwanaye sun san cewa ɗan da ya tare gurbin ci ba ya motsi, domin da ya gusa an yi ci. Ya zama tamkar akuya a turke.

Wannan dabara tana nan a darar Turawa, watau ces, wadda asalinta daga Indiya ne, ta biyo ta Farisa da ƙasashen Larabawa kafin ta isa Turai. Yadda ake yi shi ne a auna ɗan abokin karawa alhali akwai wanda ya fi shi daraja a bayansa, a layi ɗaya. 'Ya'ya uku kaɗai ke iya turkewa, watau masu dogon zango: sarauniya, da hasumiya, da giwa mai tafiya a karkace. Idan sarki ne a baya, doka ta hana ɗan kaucewa daga layin sam. Idan kuwa sarauniya ce, yana iya gusawa, amma a bakin ranta.

Mashahurin misali ya faru a birnin Faris a 1858, inda Ba'amurke Paul Morphy ya kara da wasu manyan sarakai biyu da suka haɗa kai. Da giwayensa biyu ya turke dawakinsu, ɗaya a gaban sarauniya, ɗaya a gaban sarki. Daga nan ya ba da sarauniyarsa da gangan, ya kama sarki da hasumiya a motsi na 17.

To, abin lura ga ɗalibi shi ne, turkewa ba ita ce ci ba. Sai an ƙaro wani ɗa, ko da ƙaramin soja ne, ya far wa wanda aka ɗaure. Shi kuma wanda aka turke wa ɗa kada ya yi sanya: ya kawar da babban daga layin, ko ya sa wani a tsakani, ko ya kori mai turken. Wanda ya tsaya ƙidayar 'ya'yansa alhali rabinsu a ɗaure suke, zai farga ne bayan dara ta ci gida.