Gudummawar Hukuma ga Kiɗa da Filayen Wasanni: Darasi Daga Kokawar Nijar

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa kiɗa da wasan motsa jiki Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ɗan dambe ba ya shiga fage sai an kaɗa masa takensa, haka nan ɗan kokawa ba ya tsima sai ya ji ganga. Saboda haka duk wanda zai yi maganar taimakon da hukuma ke bai wa makaɗa, tilas ne ya haɗa da maganar filin da za su yi kiɗan. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda ɗawainiyar makaɗa da 'yan wasa ta tashi daga hannun sarakuna ta koma hannun gwamnati, sa'an nan ta kwatanta hanyar da Nijeriya ta bi da wadda Jamhuriyar Nijar ta bi, don a ga wacce ta fi haifar da ɗa mai ido.

2.0 Dandali da Fada

Kafin zuwan gwamnatin zamani, wurare biyu ne suka riƙe makaɗi, watau fada da dandali. A fada, sarki shi ne ubangidan makaɗinsa. Shi ke ba shi ci da sha da sutura, wani lokaci har da doki da gona, shi kuwa makaɗi ya saka masa da waƙa. Ta wannan hanya Ibrahim Narambaɗa ya rayu a inuwar Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, kuma irinta ce ta riƙe masu taushi da kotso da kakaki da algaita a sauran masarautu.

A dandali kuwa jama'a ne iyayen gida. Idan kaka ta yi, aka kai amfanin gona rumbu, sai samarin wannan gari su tashi su tafi wancan gari kokawa, mahauta kuma su shirya dambe da kalangunsu. Ba a biyan kuɗin fili, ba a sayen tikiti. Sarkin gari ko mai unguwa ne ke ba da izini, ya sauki baƙi, masu hali kuma su yi wa makaɗa da 'yan wasa kari. A irin wannan fage ne Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya yi suna, shi da ɗan dambensa Shago. Abin lura a nan shi ne, fili da makaɗi da ɗan wasa da ɗan kallo duk a wuri ɗaya suke, kowa yana ciyar da ɗan'uwansa.

Wannan tsari ya fara rauni a Nijeriya bayan ƙirƙiro jihohi a 1967, lokacin da aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa raba sarakuna da baitulmali. Sarkin da ya koma ɗan albashi ba zai iya riƙe makaɗa kamar da ba. Daɗin daɗawa, garuruwa suka bunƙasa, gine-gine suka cinye dandali da yawa. Nauyin da ke kan fada da unguwa sai ya koma kan gwamnati, ko ta shirya ko ba ta shirya ba.

3.0 Hanyar Nijeriya: Manyan Gine-gine

Bayan yaƙin basasa, gwamnatin tarayya ta ɗauki wasanni da al'adu a matsayin maganin haɗa kan ƙasa, kuma Allah ya sa lokacin ya dace da shigowar kuɗin man fetur. A 1972 aka kammala babban filin wasa na ƙasa a Surulere cikin Ikko, wanda ya karɓi Wasannin Afirka na 1973. A wannan shekara ta 1973 aka fara Bikin Wasanni na Ƙasa. A 1975 aka kafa majalisar kula da fasaha da al'adu ta ƙasa, a 1976 kuma aka gama babban gidan wasa na ƙasa a Iganmu, wanda aka kwaikwayo fasalinsa daga wani gini da ke birnin Barna na ƙasar Bulgariya.

Ƙololuwar wannan yunƙuri ita ce bikin FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977. Rabon Arewa a bikin shi ne gagarumin hawan daba da aka yi a Kaduna, inda masarautu suka zo da dawakinsu da raƙumansu da makaɗansu. Don saukar baƙin wannan hawa ne aka gina Otal ɗin Durbar.

Ba a musun cewa wannan zamani ya amfani makaɗa. Gidan Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya kai muryoyinsu inda ƙafarsu ba ta taka ba. Gwamnatoci sun yi amfani da su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos wajen wayar da kan jama'a, aka fita da wasu ƙasashen waje, aka ba su lambobin girma. Sai dai akasarin taimakon na biki ne. Ana neman makaɗi idan baƙo zai zo, a sallame shi idan baƙo ya tafi.

Su kuwa gine-ginen, ƙarshensu ya nuna inda gizo ke saƙa. Filin Surulere, inda Nijeriya ta ci Kofin Afirka a 1980, ya shiga halin ni-'yasu ba da daɗewa ba bayan an buɗe sabon filin Abuja a 2003. Shi kansa filin Abuja, mai ɗaukar mutum kimanin 60,000, ciyawarsa ta lalace har sai da Aliko Ɗangote ya sa kuɗinsa aka gyara ta. Babban zauren Iganmu ya yi shekaru da dama a rufe, sai da bankuna suka haɗa kuɗi aka sabunta ginin, aka kuma sa masa sunan Wole Soyinka a 2024. Otal ɗin Durbar kuwa, bayan ya daɗe kango, an rushe shi a 2020.

Dalilin wannan lalacewa a fili yake. Kowane ɗaya daga cikin gine-ginen nan saboda taro guda aka yi shi, ba a kuma tanadi abin da za a riƙa yi a cikinsa kowace shekara ba. Ga shi kuma kuɗin gini sau ɗaya ake fitar da shi, ana buɗewa da tafi da hotuna, amma kuɗin gyara kullum ne, ba kuma mai yanka ƙyalle a kansa. A ɗaya gefen, damben da jama'a ke so yana nan yana gudana a gidajen dambe na 'yan kasuwa, da yawansu zagaye da langa-langa, makaɗa na dogaro da abin da 'yan kallo suka liƙa musu.

4.0 Hanyar Nijar: Takobin Kokawa

Nijar ba ta da arzikin da Nijeriya ta samu, don haka ta bi wata hanya dabam. Sojoji sun karɓi mulki a ƙarƙashin Seyni Kunce a watan Afrilu na 1974, ƙasar tana fama da fari da yunwa. Sabuwar gwamnati ta nemi abin da zai haɗa Hausawa da Zabarmawa da Barebari da Fulani da Buzaye, sai ta farfaɗo da ƙungiyoyin Samariya, ta kuma waiwayi kokawa, wadda mutanen can ke kira kokowa. A 1975 aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama zakara. Kyautar zakara takobi ce, shi ya sa ake kiran gasar da sunan takobi.

Akwai abubuwa huɗu a tsarin wannan gasa da suka cancanci nazari.

Na farko, gasar tana zagayawa. Ƙasar tana da jihohi takwas, watau Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai, kuma ana bi da bi wajen karɓar baƙunci. Kowace jiha tana aiko da 'yan kokawa goma, jimla tamanin ke nan, a yi kimanin kwana goma ana fafatawa. Da yake layi zai zo kan kowa, tilas kowace jiha ta samu filinta, tilas kuma a gyara shi idan lokacinta ya matso.

Na biyu, filin ya dace da wasan. Da'ira ce ta rairayi, zagaye da matakalan zama, watau dandali ne aka yi wa gini. Ba ya bukatar ciyawar da sai an yi ta ban ruwa, ko injin da sai an ɗauko gwani daga Turai ya gyara. Wasu filayen ma sunayen 'yan kokawa aka sa musu, alal misali filin Kantu a Maraɗi, da na Salma Ɗan Rani a Doso, da na Langa-Langa a Damagaram.

Na uku, kafin a kai ga gasar ƙasa, ana yin zaɓe tun daga ƙasa har zuwa matakin jiha. Ta haka yaron da ke kokawa a ƙauye ya san akwai tsani a gabansa. Irin wannan tsani ne Isaka Isaka na Doso ya hau har ya ci takobi karo na shida a Agadas a ƙarshen 2023.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi shafar ɗaliban adabi, ba a raba wasan da kiɗansa ba. Tawagar jiha takan zo da makaɗanta da maroƙanta, ga kuma 'yan cali-cali masu ba da dariya tsakanin karawa. Ɗan kokawa yakan yi kirarinsa a bainar jama'a kafin ya kama. Rediyo da talabijin na ƙasa suna watsa komai kai tsaye, har a garuruwan Nijeriya na kan iyaka ana saurare. A wannan fage ne mawaƙi Sagalo ya shahara. Ashe ke nan da hukuma ta gina filin kokawa, ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ta samar wa take da kirari da waƙar maza mazauni.

Wannan ba ya nufin hanyar Nijar ba ta da aibi. Ana kukan cewa kuɗi da siyasa sun shiga gasar, har akan zargi wasu da sayar da karawa. Haka kuma gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu, wadda aka kafa a shekarun 1980 don tunawa da wani mawaƙin Tawa, ba ta samu ɗorewa irin ta kokawa ba. Wannan ma hujja ce, domin kiɗan da aka raba da fagensa aka ɗora shi a kan dandamali, ya dogara ne kacokan ga aljihun gwamnati.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa girman gini ba shi ne ma'aunin taimakon hukuma ba. Nijeriya ta kashe dukiya mai yawa a kan filayen da suka jira taro, Nijar kuwa ta ɗauki taron da ke raye ta gina masa fili. Jihohin arewacin Nijeriya suna da abin da ake bukata: ga dambe da rukunonin nan nasa uku, Kudu da Arewa da Guramaɗa, ga kokawa, ga langa, ga makaɗan kowannensu, ga kuma misalin bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya faro tun 1934. Abin da ya rage shi ne ƙananan filaye a ƙananan hukumomi, da gasa mai zagayawa a lokacin kaka, da kason makaɗa a rubuce cikin kasafin gasar. Sassan Hausa na jami'o'i kuma suna da nasu aikin, watau ɗaukar take da kirari a faifai da rubuta su tun masu su suna raye, domin yawancin abin da aka rera a dandalin jiya ya tafi tare da waɗanda suka rera shi.