Injin ban ruwa mai shan ruwa maimakon fetur: ina gaskiyar take?

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman rani a Kura da Bunkure ke neman mafita. Wanda ruwan madatsar Tiga ke gangarowa har bakin gonarsa da sauƙi. Wanda sai da inji yake ja kuwa, kuɗin mai na cinye masa ribar tumatir da shinkafa. Ana cikin haka bidiyoyi suka cika WhatsApp, wai an ƙera injin da ruwa kawai za a ɗura masa ya tashi.

Maganar tana da tushe. Ruwa haɗin haidirojin ne da oksijin, kuma haidirojin na ci da wuta sosai. Ana iya raba su ma. Tun 1800 Nicholson da Carlisle suka yi hakan a Ingila, da wutar batir. A bakin waya ɗaya oksijin ke sakin ilektiron, a ɗayar haidirojin ke karɓa, kowanne ya fito yana kumfa. Ganyen shinkafa ma kullum yana raba ruwa da hasken rana.

Sai dai ruwa shi ne abin da ke saura bayan haidirojin ya ƙone, kamar toka bayan itace. Ƙarfin da za a kashe wajen raba shi bai taɓa gaza wanda za a samu in an sake ƙona shi ba, a aikace ma asara ake tafkawa. A injin da ke raba ruwa, batirin ne ke biyan kuɗin, ranar da ya mutu inji ya tsaya. Wani Ba'amurke, Stanley Meyer, ya yi iƙirarin ƙera mota mai aiki da ruwa, a 1996 kotu a jihar Ohayo ta ce zamba ce.

To, injin da ake gani yana aiki a bidiyo fa? Ko dai an ɓoye tankin mai, ko an sa kabayid, wanda masu walda suka sani: in ruwa ya taɓa shi yakan fitar da iska mai ci da wuta. Kabayid ɗin ne makamashin, kuma saye ake. Abin da ya fi damuna shi ne yaran da ke gwada raba ruwa a gida, domin haidirojin da oksijin a kwalba ɗaya fashewa suke.

Mayar da inji ya koma gas, ko famfo mai aiki da hasken rana, waɗannan gaskiya ne. Amma duk wanda ya kawo muku inji mai shan ruwa, ku ce ya cire batir, ya buɗe cikinsa, ya shayar da kadada guda a gabanku kafin ku ba shi ko sisi.