Rijiyar Mai Da Mashayar Shanu

Dattawan Ƙaraye da Rogo ba su manta da majigi ba, sa'ad da mota ta kan zo ta kafa farin ƙyalle a ƙofar Hakimi, a nuna wa jama'a noman gyaɗa da auduga da tsabtar gida. Wasannin jarumtaka kuwa sai birni, inda aka buɗe silimar Rex a Kano tun 1937. Cikin irin waɗannan wasanni akwai wani tsoho na Amurka wanda ya kamata manomi da makiyayi su ji labarinsa. Sunansa Tulsa, an yi shi cikin 1949, wata mace mai suna Susan Hayward ita ce babbar 'yar wasan.

Labarin ya faru ne a jihar Oklahoma wajen 1920, lokacin da kowa ke rububin haƙar man fetur. Wata budurwa ce, Cherokee Lansing, ubanta makiyayi. Dattin rijiyar wani attajiri mai suna Tanner ya malala cikin rafi, shanu suka sha suka mutu. Uban ya tafi ƙorafi, rijiyar ta yi bindiga, ya hallaka nan take. Yarinyar ta ɗaura niyyar ramuwa, ta ga ba ta da hanya sai ita ma ta shiga haƙar mai. Maza biyu suka taimake ta, kowannensu kuwa yana sonta. Ɗaya Jim Redbird, makiyayi daga mutanen asalin ƙasar, ɗaya kuma Brad Brady, masanin duwatsu da abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Bayan wahala mai yawa, mai ya ɓulɓulo, kuɗi suka shigo. To, a nan ne wasan ya ke da daɗin tunani. Brad ya ba da shawara a bar tazara tsakanin rijiyoyi, a riƙa jan mai da lissafi, a bar wa dabbobi ciyawa. Maganarsa kuwa gaskiya ce, domin iskar gas ita ke turo mai sama, in an yawaita huda ƙasa wuri ɗaya sai ƙarfinta ya tsiyaye, mai da yawa ya maƙale ba ya fitowa. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Cherokee ta haɗa kai da Tanner ɗin nan da ta ke gaba da shi, ta cika makiyaya da rijiyoyi, ta ɓata da masoyan nata duka biyu. Ran nan Jim ya tarad da shanunsa matattu a bakin rafi, ya ƙyasta ashana ya jefa cikin ruwan. Ruwa ya kama da wuta, gobara ta bi rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar Brad ya fitad da su biyu da ransu.

Mai karatu, kada ka ce wannan tatsuniyar Turawa ce. Shekara bakwai bayan fitowar wasan, watau cikin 1956, kamfanin Shell-BP ya sami mai a Oloibiri, aka fara fitad da shi waje cikin 1958. Arziki ya samu, amma masunta da manoman wancan yanki sun ɗanɗana abin da Jim ya ɗanɗana. Cikin 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa gyaran ƙasar Ogoni zai ci shekara 25 zuwa 30. A wannan shekara aka buɗe matatar mai kusa da Damagaram. Cikin 2019 kuma aka ba da sanarwar samun mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gwambe. Ashe maganar ta matso ƙasashenmu na Arewa.

Ƙaraye da Rogo dai ba wurin mai ba ne. Mai ya kan taru ne cikin duwatsu masu laushi da suka samu daga lakar tsofaffin tekuna, kamar na wajen Tafkin Cadi da kwarin Binuwai. Yammacin Kano kuwa bisa tsohon dutse mai tauri ya ke zaune. Dukiyarmu a sarari ta ke: masara, dawa, rake, shanu, da kogin Challawa wanda aka gama datse shi a Ƙaraye cikin 1992. Wannan kogi da ya bar mu da tsabta, in ya isa Kano ya kan gamu da dattin masana'antun jima. Mu ma nan, wanda ya wanke tulun feshinsa a rafi, ko ya zuba guba don kama kifi, aikin Tanner ya yi, ko da ya ke ba shi da rijiyar mai.

Saboda haka duk ran da wani baƙo ya zo da takarda yana neman izinin tona ƙasa, ko don ma'adini ko don wani abu, ya kamata Dagaci da masu unguwa su tambaye shi tun kafin a sa hannu: ina dattin zai bi, ina shanu za su sha, wa zai biya in gona ta lalace? Cherokee ba ta yi waɗannan tambayoyi ba sai da wuta ta tashi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.