Haihuwar Fari da Zaman Jego a Ƙasar Sharabi

Gabatarwa

Sharabi gari ne a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, a yankin da ya yi iyaka da Jamhuriyar Benin. Tun da yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba ƙasar Borgu gida biyu, dangi suka rarrabu a ɓangarorin iyaka, amma auratayya ba ta yanke ba. Har gobe akan ɗauko yarinyar da aka aurar wajen Segbana ko Illo a dawo da ita ɗakin uwarta idan cikin fari ya tsufa. Wannan maƙala za ta yi bayanin al'adar, da abin da nake ganin ya kamata a riƙe da wanda ya kamata a bari.

Goyon Ciki

Idan cikin fari ya kai wata bakwai ko takwas, iyayen yarinya sukan nemi izinin miji su ɗauke ta. Wannan shi ake kira goyon ciki. Dalilinsa a fili yake: yarinyar ba ta san naƙuda ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa surukarta abin da ke damunta ba. A gaban uwarta ko gwaggonta kuwa, babu abin ɓoyewa.

Idan ta sauka, ungozoma ke yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri. Daga nan sai mata su yi ta shigowa barka. Ranar bakwai a yanka rago, a raɗa suna, wanzami ya yi wa yaro aski.

Kwana Arba'in

Mai jego takan yi wanka da ruwan zafi safe da yamma, ana tsoma ganyen runhu ko na darbejiya ana fyaɗa mata a jiki. Ana ba ta kunun kanwa, da gasasshen nama mai yaji, da kauri, wato ƙafafun sa da aka dafa da kayan ƙamshi. An yi imani cewa haihuwa na barin jiki ɗanye, sanyi na iya shigarsa, sai zafi ke gasa shi.

Amma a ganina babban amfanin waɗannan kwanaki ba a tukunyar wanka yake ba. A cikinsu ne ake ɗauke wa yarinya daka da ɗebo ruwa da girki, ta sami barci. A cikinsu take koyon riƙe kan jariri, da kafa masa nono, da goyo, da bambance kukan yunwa da na ciwon ciki. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ta fi ƙarfi a gidajen Fulani: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya. Saboda haka kaka ce ke ɗaukarsa a fili, uwa kuma ta saba da shi sannu a hankali a cikin ɗaki.

Abin da Na Gani

Ina makarantar sakandare lokacin da ƙanwar mahaifiyata, wadda kusan sa'ata ce, ta yi haihuwar fari a gidanmu. Bayan suna ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya idan ta kwanta. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta, aka ƙara wa ruwa wuta, aka ƙara wa kunu kanwa. Ba ta kai arba'in ba. Mahaifiyata ce ta raini yaron, kuma har ta koma ga Allah ba ta daina cewa da ma an kai ta asibiti ba.

Sai da na shiga aikin gwamnati na san cewa ciwon yana da suna a wurin likitoci: gazawar zuciya bayan haihuwa. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun gano yawansa a Zariya, kusan mace ɗaya cikin ɗari, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin wanka. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa suka fitar a 2020 bai tabbatar da wannan alaƙa ba, ya fi nuna rama da hawan jinin masu ciki. Ko wanne aka ɗauka, darasin ɗaya ne: kumburi da haki ga mai jego ba na tukunya ba ne, na asibiti ne, kuma a ranar.

Abin Riƙewa da Abin Bari

Na farko, dakashi, wato nonon farko mai kauri da ake matsewa a zubar wai ƙazanta ne. Shi ne rigakafin farko na yaro, kuma ana so a sa shi a nono cikin sa'ar farko. Na biyu, tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata shida, ba ruwa ba jiƙo. Wannan bai saɓa wa shayarwar shekara biyu da addini ya kwaɗaitar ba. Na uku, kada a shafa wa cibiya toka ko man da ba a san tsabtarsa ba, akwai maganin da ake bayarwa a asibiti. Na huɗu, a kai yaro allurar tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan-inna tun kafin suna. Na biyar, idan mai jego ta yi shiru, tana kuka ba dalili, ta ƙi abinci ko ta ƙi ɗanta, kada a ce kunya ce ko iska. Damuwa ce da ke samun mata bayan haihuwa, kuma tana da magani.

Kammalawa

Da 'yata ta zo goyon ciki, na ce wa mahaifiyarta: “Hajiya, a yi mata komai na gado, amma ruwan ya zama wanda hannunki zai iya jurewa, awo kuma kada ya wuce ta.” Haka aka yi, ta yi arba'in lafiya, aka mayar da ita ɗakinta da gara.

Ina kira ga malamai, musamman masu koyar da 'yan mata, da iyayenmu dattawa, da kada mu yar da al'adar nan don an sami kuskure a cikinta. Kakanninmu sun gane cewa sabuwar uwa na bukatar hutu da abinci da mai koya mata. A riƙe wannan, a haɗa da asibiti. Allah ya raya mana zuriya, ya ba masu jego lafiya.