Yadda ƙaramin ɗan kasuwa zai ci moriyar baje koli

Kowace shekara ƙungiyar 'yan kasuwa ta KADCCIMA kan shirya kasuwar baje koli ta ƙasa da ƙasa a Kaduna, a filinta da ke kan hanyar Zariya. Takwararta KACCIMA ma tana shirya tata a Kano. Masu ƙananan sana'o'i da dama kan biya kuɗin rumfa, su jera kaya, sannan su zauna suna latsa waya har a tashi. Abin takaici ne, domin kuɗin nan da gumi aka tara shi.

Babbar ribar baje koli tana wajen 'yan sari. Don haka ka tanadi littafi. Duk wanda ya tambayi farashin katan ko dozin, rubuta sunansa da lambarsa da abin da ya nema. Kada mako ya cika bayan an watse ba ka tura masa hoton kayan da farashinsu ta WhatsApp ba, tun bai manta da fuskarka ba.

Mai zuma ko kilishi ya ajiye na ɗanɗano a gaban tebur. A rubuta farashi ɓaro-ɓaro, saboda wani kunyar tambaya yake ji, sai ya wuce. Kayan ci na kwalba ko leda kuwa, manyan shaguna lambar NAFDAC suke fara dubawa.

Idan kuɗin rumfa ya fi ƙarfinka, nemi abokan sana'a biyu ku kama ɗaya tare.