Daɓen katako: yadda bokitin ruwa ke cinye kuɗin ajiyar ƴan Nijar a Turai

A Maraɗi ko Damagaram, wanke ɗaki ba wani abu ba ne: a kwara ruwa a kan siminti ko karo, a bi da tsintsiya, kafin azahar ya bushe. Amma ga matashin da ya kama hayar ɗaki a Faransa ko Beljiyam, wannan sabo na iya zama asara, domin gidaje da yawa a can daɓensu na katako ne, wanda ake kira parke.

Katako ko an yanke shi bai daina motsi ba. Idan ya sha ruwa sai ya kumbura, gefunansa su ɗaga. Idan ya bushe ya tsuke, ya bar tsagu. Ruwan da ya kwana a kan katakon oak, wanda aka fi shimfiɗawa a Turai, yakan bar baƙin tabo da sabulu ba ya fitarwa. Sai an kira ma'aikaci ya kankare da inji, ya sake shafe.

Nan ne maganar kuɗi ke shigowa. Dokar haya ta Faransa ta 1989 ta ba mai gida damar karɓar ajiya ta kuɗin wata ɗaya a gidan da babu kaya, wata biyu a mai kaya. Ranar shiga da ranar fita ana rubuta halin da gidan yake ciki. Tsufan daɓe na mai gida ne, amma ɓarnar ɗan haya daga ajiyarsa ake cirewa, idan ba ta isa ba ya cika. Shi ya sa ɗaukar hoton kowane tabo ranar karɓar makulli ke da amfani.

Kulawar ba ta da tsada. A share ko a zuƙe ƙura da na'ura, a goge da tsumman da aka matse sosai, ban da ruwan Javel. Abin da ya zube, shayi ne ko miya, a tsane shi nan take. Alwala a banɗaki, buta kuma kada ta kwana a kan katako. A liƙa ƙyalle mai laushi a ƙafafun kujeru. Al'adar cire takalmi a bakin ƙofa kuwa riba ce, don yashi ne ke cinye ƙyallin daɓe.

Akwai kuma masu gini a Yamai ko Tawa da ke sha'awar kawo irin wannan daɓe gida. Su sai sun yi lissafi da yanayi. Katako ya fi son laimar iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, alhali a hunturu takan sauka ƙasa da 20, damina ta sake ɗaga ta. Ga kuma gara. Dole katakon ya bushe sosai, a sa masa magani, ya yi kwanaki a ɗakin kafin a shimfiɗa, a bar masa tazarar kusan santimita ɗaya a jikin bango.

Wajen saye ma a buɗe ido. Katako zalla ana iya kankare shi sau da dama. Wanda ake kira sitiratifiye hoton katako ne kawai a kan allo, idan ya kumbura sai canji. Madobiya kuma, duk da kyanta, tun 2017 tana cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe saboda yawan sara a Afirka ta Yamma.

Ga wanda ba zai iya wannan hidima ba, akwai karo mai zanen katako: ba ya tsoron gara, ba ya tsoron bokiti.